Gidan Ɗan Hausa: Darasi a kan Ginin Ƙasa

A Ingila tun 1947 akwai doka wadda ta sa a rubuta tsofaffin gine-gine, har gidajen manoma, kada kowa ya rushe su sai da izini. Mu ma muna da irinsu. Wanda na zaɓa mu duba shi ne Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, bayan birnin Kano. Nan Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya zauna, ya buɗe makaranta a 1909, har da ajin koyar da malamai. Ashe gidan kakan kwalejinmu ne. Yanzu Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ke lura da shi.

To, ku lura da ginin. Bangon na tubali ne, watau curin ƙasa da aka shanya a rana. Gindinsa da kauri, yana sirancewa zuwa sama, shi ya sa ɗakin ke da sanyi ko da bazara. Rufin kuwa azara ce ta giginya, domin gara ba ta cinta da sauƙi. Amma azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in ta yi tsawo, sai magina suka yi dabarar bakan gizo, su ɗaura gajerun azara bisa juna har su haɗu a tsaka. Sa'an nan ga indararo na zubar da ruwa nesa da bango, ga zankwaye bisa kusurwa, ga makuba ta kwasfar ɗorawa da ake yaɓe da ita.

Ɗalibanmu da suka tashi a unguwannin Hausawa na Inugu da Anacha da Fatakwal sukan tambaye ni don me ba su ga soro can ba. Amsar ruwa ne. Na Fatakwal ya ninka na Kano fiye da sau biyu, rufin ƙasa ba zai jure ba, sai kwano. Kowace ƙasa da irin ginin da ya karɓe ta.

Ko a Kano ma, soron da aka bar yi wa yaɓe ba ya daɗewa. Doka ba ta toshe tsaga, sai magini. Saboda haka ina roƙonku, in kun fita koyarwa, ku kai yara wurin tsohon magini, su auna bango, su zana, su rubuta sunayen nan tun masu saninsu suna raye.