Salak Ɗina Ya Koma Miya

 Maigidana ya yi wata uku yana kwas a Teksas ta Amurka. Tun da ya dawo ba shi da zance sai wani salak na Meksiko mai niƙaƙƙen nama, wai kwano ɗaya ke riƙe shi har dare. Sau biyu ina gwadawa. Na soya naman, na juye kan latas da tumatir, na zuba bama na rufe. Kafin ya dawo daga masallaci ganyen ya yi yaushi, ruwa ya kwanta a gindin kwano, kitse ya daskare a sama. Ya dai ci don kara. Anti, ina na kuskure?

Amarya, daga Kaduna

 Ƙanwata, rufewar nan ce ta cuce ki. Tururin nama ya dafa latas, gishiri kuma ya tatse ruwan tumatir. A wannan girki, mai zafi da mai sanyi ba sa haɗuwa sai mai ci ya zauna.

Abin da ya ci ɗin ana kiransa salak ɗin tako. Asalinsa ma girkin Teksas ne, inda hannun Meksiko ya gauraya da na Amurka, ya kuma bazu a shekarun 1960. Amma masara da barkono da fiya da ke cikinsa, manoman Meksiko sun daɗe da su tun kafin su iso kasuwanninmu.

Naman ne ke son natsuwa. Ki sami rabin kilo marar kitse sosai. Kasko ya ɗauki zafi tukuna, ki baza naman, ki ƙyale shi ya soyu kafin ki juya; mai yawan juyi dafawa take, ba suya ba. In ruwansa ya ƙone ki tsiyaye kitsen, sannan ki zuba albasa, tafarnuwa, garin barkono, gishiri da ƙaramin cokali ɗaya na garin kumin. Na tabbata ƙamshin kumin ɗin nan ne maigida ke cigiya bai san sunansa ba. Kada ki bar ko ɗigon ja a ciki: injin niƙa yana kai ƙwayoyin cutar da ke bayan nama har tsakiyarsa, shi ya sa ake son zafinsa ya kai digiri 71.

Riƙon cikin kuwa aikin wake ne, kuma ban ga kin ambace shi ba. Mutanen can baƙin wake suke sawa, amma namu ma ya wadatar, in dai bai dame ba. Kofi ɗaya dafaffe, ki juya shi cikin naman.

Bama ki ajiye ta. Kindirmo mai kauri da matsin lemun tsami ya fi kusa da kirim mai tsami da suke zubawa. Latas ki wanke shi da kyau, ki bar shi a kwando ya tsane sarai. Tumatir ki cire 'ya'yansa. Fiya sai a ƙarshe, don baƙi take yi.

Saura abin ƙaras-ƙaras. Su soyayyar totiya suke farfasawa a kai, wato siririyar wainar masara. In ba ki samu ba, yanka fallen samosa ki soya.

Ki jera kowanne a mazubinsa. Sai kin ji sallamarsa a ƙofa ki haɗa.