Riga-kafi Ya Fi Magani: Zaɓe da Sauya Manhajar Tsaron Kwamfutar Gida

1.0 Gabatarwa

A hutun da ya gabata ina gida Kontagora ina fama da babi na uku na kundin digirina. Wata ranar Laraba na ɗauki filas ɗina na je wani shagon buga takardu a cikin gari domin a fitar mini da shafukan da zan kai wa malamin da ke duba aikina. Da na dawo na soka filas ɗin a kwamfutar gidanmu, sai na tarar duk jakunkunan bayanaina sun koma shotkot, har da wadda na adana muryoyin dattawan da na yi hira da su. Ɗaya daga cikin dattawan nan ya riga mu gidan gaskiya, ba halin a sake hira.

Abin takaicin shi ne kwamfutar tana ɗauke da manhajar riga-kafi har guda biyu. Ɗaya ta gwaji ce da wa'adinta ya daɗe da ƙarewa, ɗayar kuma ta sata ce da aka ɗora wa yayana a kasuwa. Ba wadda ta yi ko tari. Wannan ne ya sa na ga ya dace in rubuta wa 'yan'uwana ɗalibai abin da na koya.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Da yake mu ɗaliban harshe ne, bari mu fara da suna. Bairos ko ƙwayar cutar kwamfuta wata manhaja ce da aka ƙirƙira domin ɓarna, wadda kan yaɗu daga na'ura zuwa na'ura. Antibairos kuwa manhaja ce mai bincikar jakunkuna ta kama cutar, ta killace ta ko ta goge ta. A nan zan kira ta riga-kafi.

Sai fayawol, wanda wasu kan fassara da "katangar wuta". A ganina wannan fassarar tana ɓatar da mai sauraro, domin asalin kalmar a Ingilishi katanga ce mai hana gobara tsallakawa, ba katangar da aka gina da wuta ba. Na fi son a ce ganuwa. Kamar yadda ganuwar birnin Kano take da ƙofofi, kowace da sarkin ƙofa mai lura da shige da fice, haka wannan manhajar take tantance saƙonnin da ke shiga kwamfuta ko fita daga gare ta ta hanyar intanet. Ke nan ganuwa tana tsare ƙofa, riga-kafi yana farautar ɓarawon da ya riga ya shigo. Shi ya sa ganuwa ba ta hana cutar filas, domin da hannunka ka shigo da ita.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka ƙirƙiri cutar Brain mai yaɗuwa ta faifan fulofi. A watan Agusta na 2003 cutar Blaster ta riƙa afka wa kwamfutoci ta intanet ba tare da mai na'ura ya buɗe komai ba. Bayan shekara guda kamfanin Microsoft ya fitar da gyara na biyu ga Windows XP, wanda ya zo da ganuwa a kunne. Daga Windows 8 kuma, wato 2012, babbar manhajar ta fara zuwa da cikakken riga-kafi nata mai suna Defender.

A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta kulle bayanai a ƙasashe fiye da 150, har da asibitocin Ingila, alhali tun watan Maris Microsoft ya fitar da gyaran kafar da ta bi. Darasin a fili yake: maganin da ba a sha ba, ba ya warkarwa.

4.0 Yadda Ake Zaɓe

Na farko, duba abin da ke hannunka. Idan Windows 11 kake amfani da ita, kana da Defender da ganuwa kyauta, kuma sun wadaci mafi yawan ɗalibai muddin ana sabunta su. Riga-kafi yana gane cuta ne da jerin alamomin da yake saukowa da su daga intanet, don haka rowar data a nan asara ce.

Na biyu, kada ka zaɓa don sunan ya shahara a bakin masu gyara. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da ke gwada waɗannan manhajoji suna bayyana sakamako kyauta, irin su AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya.

Na uku, ka sani kyauta ma tana da farashi. A 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin Avast biyan dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa suka ziyarta.

Na huɗu, ka guji manhajar sata. Wanda ya fasa ta ya iya cusa abin da ya ga dama a ciki, ka ga an ba kura ajiyar nama ke nan.

Na biyar, lura da shekarun babbar manhajarka, musamman da yake yawancinmu kwamfutocin hannu muke saya. Microsoft ya daina gyara Windows XP a 2014, Windows 7 a 2020, sannan tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Sabon ƙyaure ba ya tsare gidan da katangarsa ta zube.

5.0 Yadda Ake Sauyawa

Sarki biyu ba sa zama a gari ɗaya. Riga-kafi biyu masu aiki lokaci guda sukan yi karo, su nauyaya kwamfuta, wani lokaci ɗaya ya ɗauki ɗaya a matsayin cuta. Ga matakan da na bi:

(a) Kwafe muhimman bayanai zuwa wani wuri dabam.
(b) Sauko da sabuwar manhaja daga shafin kamfaninta na ainihi, amma kada a ɗora tukuna.
(c) Tabbatar da batir ya cika, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki kan ɓata shi.
(d) Katse intanet, a cire tsohuwar. Kamfanoni irin su Norton da McAfee suna da ƙaramar manhaja ta musamman mai share ragowar tasu.
(e) Kashe kwamfutar a sake kunnawa, sannan a ɗora sabuwar. Wanda ya zaɓi Defender ya duba ya ga ya koma bakin aiki.
(f) Haɗa intanet, a sabunta, a binciki kwamfutar gaba ɗaya, a kuma tabbatar ganuwa ɗaya ce ke kunne.

6.0 Kammalawa

Ni dai Allah ya taƙaita. Bayan na cire manhajojin nan biyu na bar Defender shi kaɗai, ya kama cutar ya goge. Ashe jakunkunan ɓoye su aka yi, ba gogewa ba. Da na umarci kwamfutar ta nuna ɓoyayyun jakunkuna, har da waɗanda take ɗauka nata ne, sai ga muryoyin dattawana lafiya lau. Saboda haka wanda ya ga shotkot a filas ɗinsa kada ya latsa shi, kada kuma ya yi gaggawar wanke filas ɗin.

Tun daga ranar kundina yana wuri uku: kwamfuta, filas da akwatin imel. Filas ɗin da nake kaiwa shago kuwa dabam yake, ba ya ɗaukar komai sai shafukan da za a buga. Ina shawartar 'yan aji huɗu su yi haka kafin su fita tattara bayanai.