Amsoshin Tambayoyinku: Daji, Ƙura da Rigakafin Sanƙarau

Wani mai sauraro daga Damagaram ya tambayi dalilin da ya sa sanƙarau ya fi addabar ƙasar Hausa a kan kudancin Najeriya.

Amsar tana da nasaba da yadda tsirrai suka rarrabu, domin daga gaɓar teku akwai kurmi mai duhuwa, sai dajin Gini mai dogayen ciyayi, sannan dajin Sudan inda kuka da gawo ke tsaye jefi-jefi cikin gonaki, har zuwa Sahel mai ƙaya da ƙarancin inuwa. A yankuna biyun ƙarshe, ƙurar hunturu da zafin bazara kan busar da hanci da maƙogwaro, lamarin da ke buɗe wa ƙwayar cutar hanyar shiga jini ta kumbura fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa.

A da sai annoba ta ɓarke ake rigakafi, bayan an riga an yi asarar rayuka. Gyaran da ya dace ya zo a 2010, lokacin da Burkina Faso da Mali da Nijar suka fara yi wa jama'a allurar MenAfriVac tun kafin cuta ta zo, Najeriya ta biyo baya a 2011, nau'in A na cutar kuma ya kusa ɓacewa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV, wadda ke kariya daga nau'o'i biyar.