Yadda ake sayen keken tsere a Guangzhou, daga ƙofar Masallacin Huaisheng har zuwa gida

Ɗan kasuwarmu da ya saba zuwa Guangzhou ya san unguwannin Xiaobei da Sanyuanli kamar yunwar cikinsa. Ya san inda ake sarin atamfa, ya san kasuwar wayoyi, ya san wanda zai ɗora masa kaya zuwa Legas ko Kano. Amma ranar da ƙaninsa ya ce, “Yaya, don Allah ka taho mini da keken tsere na gaske,” ko shi da kansa likita ya ce ya riƙa motsa jiki, sai ka ga duk sanin ya tsaya. Keken tsere ba irin Raleigh ko Phoenix ɗin iyayenmu ba ne, wanda kowane mai faci a bakin titi zai kwance ya ɗaure. Kaya ne mai tsada, kuma mai saurin fushi. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne: keken da ya dace da kai shi ne wanda ya yi daidai da jikinka, kuma za ka iya kula da shi a garinku. Rashin nauyi da babban suna duk bayan wannan suke.

Ka fara daga masallaci. Ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 1, ka sauka a tashar Ximenkou, ka taka zuwa titin Guangta a gundumar Yuexiu. Kana cikin tafiya za ka hango hasumiyar Masallacin Huaisheng, farar doguwa mai siffar kyandir, tsayinta wajen mita 36. Sunan masallacin na nufin tunawa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Musulmin Sin na danganta kafuwarsa ga sahabi Sa’ad bin Abi Waƙƙas a zamanin daular Tang, an kuma sake gina shi a 1350, sannan a 1695 bayan gobara. A da, kogin Zhujiang yana kusa da nan, kuma ana cewa fitilar kan hasumiyar ce ke nuna wa jiragen fatake hanya. Wato tun fil azal wurin nan masaukin ’yan kasuwa baƙi ne. Amfaninsa gare ka a yau guda biyu ne. Akwai Musulmin gari da mazauna da suka daɗe, waɗanda in ka yi musu sallama bayan Azahar za ka iya samun wanda zai taimake ka da yare ko ya nuna maka hanya. Sannan zai zame maka wurin hucewa. Ƙa’idata ita ce: keken da na gani yau, ba na biyan kuɗinsa yau. Sai na dawo na yi salla, na ci taliyar naman shanu a ɗaya daga gidajen abincin halal na kusa, na kwana da maganar. Sauri ya haifi nawa.

Kafin ka shiga kowane shago, ka amsa wa kanka tambaya ɗaya: a wace hanya za a hau shi? Kekunan tsere ba iri ɗaya ba ne. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, ’yar Najeriya Ese Ukpeseraye ta yi tseren kan titi, da aka zo na cikin zagayayyen fili kuwa sai da tawagar Jamus ta ara mata keke, domin wancan ba ya aikin wannan. Kai ma haka ne. In hanyarka ta Kano zuwa Zariya ce, ko Katsina zuwa Daura, ko Maraɗi zuwa Zindar, inda kwalta mai santsi kan rikiɗe ta zama ramuka da tsakuwa ba sallama, ka nemi keken doguwar tafiya, wanda kansa ya ɗan ɗaga, kuma firam ɗinsa ke karɓar taya mai faɗin milimita 32. Wanda aka ƙera don yanka iska, mai sa mutum ya sunkuya kamar mai ruku’u, na matashin da ke shirin gasa irin ta Tour du Faso ne, wadda ake yi a Burkina Faso tun 1987.

Sai awo. Wannan shi ne inda mutanenmu suka fi asara, musamman masu sayen aike. Ka tsaya ba takalmi, bayanka a jikin bango, ka matse littafi a tsakanin cinyoyinka, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin da santimita. Ka rubuta shi tare da tsayinka. In na ƙaninka ne, ya auna ya turo maka, kada ka yarda da “ai kusan tsayinmu ɗaya”. Mai tsayin santimita 175 yawanci lamba 54 yake hawa, amma kowane kamfani da nasa jadawalin, kuma shagunan Sin sun fi ajiye ƙanana da matsakaita, don haka dogon Bakatsine na iya jiran a kawo nasa daga ma’ajiya. Ka jira. Na taɓa karɓar wanda ya yi mini kaɗan saboda mai shago ya ce ai za a ɗaga sirdi, kuma rangwamen ya ja ni. Wata biyu ina fama da ciwon wuya da na gwiwa, ƙarshe na sayar da shi da faɗuwa. Tsayin sirdi ana fara shi ne da ninka awon ƙafarka da 0.883, a auna daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdin. Hanya mafi sauƙi: ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba.

Neman shago ba wuya. Taswirar Google ba ta da amfani sosai a Sin, ka sa Amap ko Baidu a wayarka, ka nemi a rubuta maka “gonglu che”, wato keken kan titi. Ka zaɓi shagon da ke da wurin gyara a ciki, mai maƙalin keke da sifanoni a jikin bango, ka ga makaniki da hannunsa baƙi. Ka ce da mai shagon “laoban”, haka ake kiran maigidan kanti a can. Ka haɗa katinka da Alipay ko WeChat tun kafin ka fito, domin da waya ake biyan kusan komai.

Game da suna, lardin Guangdong kansa gidan kekuna ne. Trinx a Guangzhou yake, XDS a Shenzhen, kuma tun 2025 XDS ke ɗaukar nauyin ƙungiyar Astana da ke shiga Tour de France, a kan kekunansa na X-Lab. Winspace da masu ƙera wili irin su Farsports suna Xiamen, Giant da Merida kuwa na Taiwan ne. Saboda haka zancen wai kayan Sin duk jabu ne ya tsufa. Jabun da za ka guje wa shi ne firam mai ɗauke da sunan Pinarello ko Specialized a kan kuɗin da bai kai rubu’in na gaskiya ba. Gara sunan Sin na gaske, mai lamba da takardar garanti, da sunan Italiya na ƙarya. Firam ɗin kabon in ya gaza ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, karyewa yake yi, kuma kana iya kasancewa a kan gangara lokacin.

Kabon ko alminiyon? Za a yi ta kira maka T700 da T800 da T1000, waɗannan darajojin zaren kabon ne na kamfanin Toray na Japan, kuma lambar kaɗai ba ta nuna ingancin ƙira. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ba ta ma yarda keken gasa ya gaza kilo 6.8 ba, kuma kai rabin kilo ba zai canja maka komai ba a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Hausa. Alminiyon mai kyau da kayan giya masu kyau ya fi kabon mai araha da kayan giya na banza. In kabon ɗin kake so, ka fito da shi haske, ka bi da yatsa wajen wuyan keken da gindin sirdi da inda wilin baya ke shiga, ka ƙwanƙwasa da kwabo a hankali. Sauti mai kaifi lafiya ne, inda ya dushe kamar fasasshiyar tukunya akwai matsala.

A kan kayan giya da birki zan ɗan daɗe, don nan ne keke ke rayuwa ko ya mutu a ɗakin ajiya. Shimano na Japan na da matakai: Claris, Sora, Tiagra, 105, Ultegra, Dura-Ace. Akwai SRAM na Amurka, Campagnolo na Italiya, da na Sin irin su L-TWOO da Sensah. Shawarata ga wanda zai hau a gida ita ce Tiagra ko 105 mai waya, ba mai batir ba. Giya mai lantarki irin Di2 daɗi ne da ita, taɓawa ɗaya ta shiga, amma ranar da ta ƙi, babu mai faci a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari da zai duba maka ita, alhali wayar giya kowa na iya zura ta. Birkin faifai mai ruwa yana kamawa sosai, sai dai ka riƙe wannan da kyau: na Shimano man ma’adini nasa na musamman yake sha, in aka zuba masa man birkin mota robobin ciki za su kumbura, birkin ya mutu. Ka sayi kwalbarsa da sirinjin fitar da iska tun a can. Ka kuma roƙi firam mai gindin feda na zare, wanda ake kwancewa da sifana, ya fi sauƙin canja boris. In na hannu aka nuna maka mai Ultegra ko Dura-Ace masu hawa 11, ka sani Shimano ya yi kiran a duba hannayen fedarsu a 2023, waɗanda aka ƙera kafin Yulin 2019, saboda wasu na rabuwa.

Wili mai zurfin milimita 50 ko 60 yana da kyan gani. Amma ka tuna iskar hunturu, da bugun iskar tirela in ta wuce ka. Kada ka haura 40. Tayar da ba ta da tub, mai ruwan toshe huda a ciki, tana maganin tsidau da ƙananan ƙayoyi, sai dai zafinmu na busar da ruwan cikin ’yan watanni, don haka ka sayi ƙari.

Kada ka biya sai ka hau. Shago nagari zai bar ka ka zagaya. Ka sa hular kwano, ka bi dama kamar a gida, ka yi hattara da babura masu batir na masu kai abinci, don ba a jin zuwansu. Ka bi giya ɗaya bayan ɗaya, ka miƙe tsaye ka taka da ƙarfi ka saurara ko akwai ƙara. Bayan ka saya, in kana da kwana biyu, ka je tsibirin jami’o’i na Xiaoguwei inda mahaya ke zagaye, ka yi tafiyar awa guda. Duk abin da zai sassauto ya sassauto a nan, kusa da wanda ya sayar maka. Ba a shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da keke, sai ka taka ko ka ɗauki mota.

Wajen ciniki, manyan shaguna ba su cika rage kuɗi sosai ba, to ka nemi gyara da kaya. Mafi muhimmanci shi ne ɗan ƙarfen da ke riƙe giyar baya a jikin firam. An yi shi ne don ya lanƙwashe in keke ya faɗi, ya fanshi firam ɗin, kuma kusan kowane keke da irin nasa. Ka ɗauki biyu ko uku. Ka ƙara da sarƙa biyu na asali, takalman birki, wayoyin giya, taya biyu, tub mai siririn baki da tsawonsa ya wuce zurfin wilinka, famfo mai agogo, man sarƙa busasshe wanda ƙura ba ta manne masa, da ƙaramin sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Wando mai katifa da safar hannu ma ka saya, kana iya ɗora dogon wando mara nauyi a kai don sutura. Ka karɓi rasit mai lambar firam, ka duba ta yi daidai da wadda ke ƙarƙashin gindin feda. Jami’an kwastan za su iya tambaya.

Ɗauri kuwa a shago za a yi, kana tsaye kana ɗaukar hoto. A sa shi cikin kwalinsa na asali, a cire feda da wilin gaba, a kwance giyar baya a naɗe ta da soso, a sa roba tsakanin takalman birki kada su haɗe. In da kanka za ka taho da shi ta filin jirgin Baiyun, ko da Ethiopian ta Adis Ababa ko EgyptAir ta Alƙahira, ka tambayi ƙa’idarsu ta keke tun kafin ranar tafiya, kuma fitila da duk wani batir na daban su kasance a jakar hannu. In ta hannun masu jigilar Xiaobei ne, ka biya a yi masa akwatin katako, domin buhunan kaya za a jibga a kai.

Da ya iso gida, kada ka kai shi wurin da za a sa masa guduma. Ka buɗe hotunan da ka ɗauka, ka mai da komai yadda yake. Fedar hagu zarenta a juye yake, hagu ake murza ta ta ɗaure. Notocin kan keke da na sirdi akwai lambar ƙarfin ɗauri a gefensu, yawanci tsakanin 4 da 6, kada ka wuce ta. Ka matsa birki sau da yawa har ya yi tauri, ka juya wili ka ji ko faifai na gogawa. Hawan farko ka yi shi bayan sallar Asuba, kafin ’yan adaidaita sahu su cika titi, kilomita goma kacal, da sifanan a aljihu. In ka dawo ka goge sarƙa da tsumma, ka sake bin notocin ɗaya bayan ɗaya.