Tekun Da Ya Taɓa Rufe Ƙasar Goronyo

Idan aka ambaci Wurno, mukan tuna Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu can a 1837. Rabah kuwa nan aka haifi Sardauna Ahmadu Bello. Amma ƙasar nan tana da wani tarihi da ya girmi waɗannan nesa ba kusa ba.

Masana sun nuna cewa fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, teku ne ya rufe wannan yanki. Shaidarsa tana cikin tuddai: haƙoran kifaye, da ƙasusuwan kada da kunkuru waɗanda suka zama dutse. A 1972 waɗansu masana daga Italiya suka ba wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da guza suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo.

Ya ku ɗalibai, Ubangiji ya ba mu amanar halittarsa. Idan muka tsinci irin wannan dutse a gona, kada mu fasa shi, kada mu sayar. Mu lura da wurin, mu kai wa malamin kimiyya. Wanda aka fasa ba ya komowa.