Haƙorin Tangaran da Abokin Taunarsa



A aikinmu na kula da haƙora, masu zuwa da haƙorin da aka yi wa hular tangaran sai ƙaruwa suke yi. Galibi a Kano ko Dutse aka sa musu. Aikin yana da kyau, farinsa ya saje da na sauran haƙora. Sai dai kokensu ba a kan hular yake ba. Haƙorin da ke karo da ita wajen tauna ne ya fara zaizayewa, ya gajarce, ruwan randa ma in ya taɓa shi sai mutum ya dafe kunci.

Farin sulken da ya lulluɓe haƙori, wanda muke kira inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin ɗari na jikinsa ma'adini ne. Amma abin da ya cinye ya tafi, ba ya sake tsirowa. Tauna ta yau da kullum tana rage turamen haƙora da kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari na milimita a shekara. Wannan ba abin damuwa ba ne. Tangaran mai kaushi kuwa yana ninka wannan cin, yana wasa abokin taunarsa kamar yadda dutse ke wasa lauje.

Mutane sukan ɗauka taurin hular ne ke ɓarna. Kaushinta ya fi taurinta illa. Hular zikoniya ta fi ta tangaran na gargajiya tauri nesa ba kusa ba, amma in an goge ta ta yi santsi, ba ta cin inamel kamar tangaran da aka shafa wa ƙyalli kawai. Wannan ƙyallin shafe ne, tauna tana kankare shi, kaushin da ke ƙasa ya fito. Haƙorin Makka na zinari na gaske ma, da yake zinari yana da laushi, ya fi su duka sauƙi ga abokin taunarsa.

Wurin da aka fi yin sakaci shi ne ranar sawa. Likita yakan ɗan rage hular da inji don cizo ya daidaita. In bai sake goge wurin ba, an bar maka abin da zai riƙa cin haƙorinka kullum. Tambaye shi kai tsaye: "Likita, an goge inda aka rage?" Haƙƙinka ne.

Sauran kuma yana hannunka:

Shinkafarmu ta fadamar Auyo, a tsince ta da kyau, a rege, don yashi da tsakuwa suna ƙara gurzar. A daina fasa ƙashi, ƙanƙara ko buɗe kwalba da haƙori.

Zoɓo, kunun tsamiya da lemon kwalba suna tausasa inamel. Kuskure baki da ruwa bayan ka sha, ka jinkirta buroshi ko asuwaki kamar minti 30. Goge haƙora da gawayi ko toka kuma a bar shi.

Mai gurza haƙora cikin barci ya faɗa wa likita tun kafin a sa hular, akwai robar da ake sawa da dare.

In harshenka ya ji hular ta yi kaushi, ko haƙorinka ya riga sauran taɓa ta in ka rufe baki, kada ka jira ciwo. Sake gogewa aikin mintuna ne. Ka kuma riƙa zuwa a duba haƙoranka duk wata 6, ka ce a duba har haƙorin da ke fuskantar hular.

Allah Ya ƙara mana lafiya.