Kafin Ƙungiyarku Ta Hau Kufena

Ƙungiyoyin masoya sun daɗe a ƙasar Hausa. Tun zamanin da 'yan Zaɓi Sonka ke aika katin gaisuwa Rediyon Kaduna, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba sukan haddace sunan juna da garin juna, har wata rana su sa ranar zumunci. Yau abin ya koma cikin waya. Magoya bayan Arsenal ko Kano Pillars, makaranta littattafan Hausa, masoyan wani mawaƙi ko wani jarumin Kannywood, kowa da zaurensa a WhatsApp. Sai dai idan ranar haɗuwa ta zo, abin da aka saba shi ne a kama ɗakin taro, a jera kujerun roba, shugabanni su yi ta jawabi, a raba shinkafa, a watse. Wanda ya taso tun daga Sakkwato ya koma gida bai zauna ya yi hira da kowa ba. Shi ya sa nake tare da masu cewa a fitar da taron waje. Ƙungiyar da ta zaɓi Zariya, ta yi masauki a Samaru ko a Unguwar Gabas ta Sabon Gari, tana da Dutsen Kufena a yamma da birni, dab da Wusasa.

Abin da nake so mai shirya taro ya riƙe shi ne, mutanensa sun zo ganin juna ne. Dutsen dalili ne kawai na sa su tafiya tare. Don haka duk wani wasa ko yawo da za a sa cikin tsarin yinin, a auna shi da tambaya biyu: zai sa baƙo ya yi magana da baƙo? Kuma mafi rauni a cikinmu zai iya shiga? Abin da ya faɗi a ɗaya daga cikin biyun, a cire shi, ko da shugaba ne ya kawo shi.

A fara da lokaci. Daga Maris zuwa farkon Mayu zafin Zariya ba na hawan dutse ba ne, kafin hantsi ya ɗaga dutsen ya ɗauki zafin da tafin hannu ba zai jure ba. Da damina kuwa santsi ne da tsawa, kuma babu wurin fakewa a sama. Mutane da yawa sun fi son Disamba da Janairu saboda sanyi da hutun ƙarshen shekara, kuma ba laifi, sai dai hazo kan rufe gari, ka sha wahalar hawa ka kasa hango komai. Ni a ganina ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi: ruwa ya ɗauke, ƙasa da sauran kore, sama garau, ga sabuwar gyaɗa da rake a kasuwa. A guji makon Sallah da lokacin bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Ahmadu Bello, domin masauki kan yi wuya, kuɗinsa ya tashi.

Sai maganar izini da tsaro, wadda ba a yin ta ta waya. Mako guda kafin ranar, mutum biyu ko uku daga 'yan ƙungiyar mazauna Zariya su je da ƙafarsu wurin mai unguwar da ke gindin dutsen, su gaishe shi, su ce ranka ya daɗe ga abin da ke tafe da mu, ga yawanmu, ga lokacin zuwa da na tashi. Shi zai haɗa ku da matasan unguwa da suka san hanya, da 'yan banga. A sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Gefen Zariya ya ga hare-haren masu garkuwa da mutane a shekarun baya, har da wanda aka kai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021, saboda haka abin da mutanen wuri suka faɗa game da halin da ake ciki a makon nan shi ne abin bi. In sun ce a dakata, a dakata. Kada a baza rana da wuri a Facebook kafin taro, a bar hotuna sai an dawo. Kwana a kan dutse ko kaiwa magariba a can kada ma a kawo shi cikin shawara. Wasu za su ce a zarce Turunku, inda tarihi ya danganta da Bakwa Turunku da Sarauniya Amina. Wuri ne da ya cancanci ziyara, amma yana can Ƙaramar Hukumar Igabi, tafiyarsa daban ce, tambayar tsaronta ma daban. Kada a cusa shi a yini ɗaya da Kufena.

A ɗauki shatar bas tun ana gobe tafiya, a yi ciniki na zuwa da jira da dawowa, a karɓi lambar direba. Masu masauki a Samaru da na Sabon Gari su haɗu a Kwangila bayan sallar asuba, a ƙirga kawuna, a rubuta sunan kowa da lambar wani nasa a takarda. Waya kan mutu, takarda ba ta mutuwa.

Hawan kansa shi ne babban aikin safiya, kuma a nan ake yawan ɓata taro. Samari su ruga gaba suna gasa, dattawa da mata su rage a baya suna haki, wani ya ji kunyar cewa ya gaji har jiri ya ɗebe shi. Maganin wannan a raba jama'a kashi uku tun a ƙasa, kowa ya zaɓa da kansa ba tare da an yi masa dariya ba: masu kaiwa ƙololuwa, masu tsayawa a rabin hanya, da masu zama a inuwar gindin dutse. Kashi na ukun nan kada a ɗauke su 'yan tsaron kaya. A bar musu tabarmi da shayi da wani mai iya hira, domin su ma taro suka zo. Mai hawan jini, mai asma, mai juna biyu, duk wurinsu ke nan, kuma Baba ko Hajiya da suka zauna a nan sukan fi kowa sanin 'yan ƙungiya kafin azahar.

A cikin masu hawa, a hana mutum tafiya da wanda suka zo tare. A haɗa na Katsina da na Jos, na Maraɗi da na Kaduna, mata da mata, maza da maza, biyu-biyu, kowa ya zama shi ke kula da ruwan ɗan'uwansa da takunsa. Mutumin da ya miƙo maka hannu a kan santsi ba za ka sake yi masa baƙar magana a zaure ba. Ɗan jagora ɗaya a gaba, wani mai haƙuri a can baya, kuma ba mai wuce na gaba.

Takalmi mai kama ƙasa, kambas ko makamancinsa. Silifas da takalmi mai tsini su tsaya a mota. Mata su sa wando a ƙarƙashin doguwar riga ko zani, a zaɓi hijabin da ba ya jan ƙasa. Maza a ajiye babbar riga sai an sauko. Kowa da ruwansa, aƙalla lita ɗaya da rabi, ban da na alwala. A riƙe ƙaramin akwatin magani mai bandeji da gishirin zawo. Kada a zura hannu a kogo ko tsagin dutse don ɗaukar hoto, wurin maciji ne da kunama, wani lokaci da zuma. A daina fesa turare mai ƙarfi ranar nan, kuma a bar lasifika a ƙasa.

Ga abin da ƙungiyoyi da yawa ba sa tunawa, alhali yana kusa da su. A Samaru, cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, akwai sashen tarihi da sashen binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa. A nemi malami ko ɗalibi mai zurfin karatu ya raka ku, a ba shi abin hasafi. Shi zai nuna muku ragowar tsohuwar ganuwar da ta kewaye Kufena, wadda wanda bai sani ba zai taka ta ya ɗauka tudun gona ne. Zai gaya muku cewa mutane sun zauna a gindin dutsen nan tun kafin birnin Zazzau ya zama yadda yake, kuma masana irin su Abdullahi Smith sun yi bayanin yadda duwatsu kamar Kufena da Dala da Kwatarkwashi suka jawo mazauna na farko, don tsaro da ruwa da kuma imanin da aka yi a wancan zamani cewa mazaunin iskoki ne. Daga sama, in gari ya yi haske, sai ya nuna muku birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, ku ga yadda gari ɗaya ya zama huɗu, kowanne da dalilin kafuwarsa: sarauta, jirgin ƙasa da kasuwanci, makarantu. Jawabin nan kada ya wuce rubu'in awa. Bayansa a bar mutane su zauna su sha iska, su yi hoto.

A sauko kafin rana ta take. Abin da ya rage na safiya a gindin dutse za a yi shi, kuma nan ne ya kamata abin da ya haɗa ƙungiyar ya fito fili. Kacici-kacici shi ne ya fi komai aiki, in an shirya shi da kyau. 'Yan ƙwallo a tambaye su tarihin kulob ɗinsu, makaranta littattafai a faɗi sunan tauraro su faɗi littafin da marubucinsa, masoyan fim a kwatanta fitowa su faɗi fim ɗin. A yi shi rukuni-rukuni, kowane rukuni da babba da yaro, da tsohon ɗan ƙungiya da sabo, don kada mutum uku masu baki su cinye wasan. Kyautar ta zama ƙarama, littafi ko riga. Da zarar kuɗi mai yawa ya shigo, gardama ta shigo.

Dara ma tana da kyau, ba ta buƙatar komai sai ƙasa da tsakuwa da tsinke, kuma dattawa kan ba samari mamaki a nan. Gasar karin magana, wani ya fara wani ya ƙarasa, tana ɗaukar maza da mata gaba ɗaya. Langa da ƙwallo a kai su fili mai laushi nesa da dutse, a kuma nemi izinin mai wurin, kada a tattake wa mutum gona. Akwai wani abu mai sauƙi da nake ganin ya fi duk waɗannan: a zauna da'ira, kowa ya faɗi sunansa na gaskiya da sunan da aka san shi da shi a zaure, da yadda aka yi ya fara son abin nan. Ana dariya a wurin nan, wani lokaci har da hawaye, kuma shi ne abin da ake tunawa bayan shekara.

Abin da ban yarda a sa ba: zaɓen shugabanni, binciken kuɗin ƙungiya, da sasanta tsohuwar rigima. Waɗannan na ɗaki ne, a wata rana. Haka kuma rubuta sunan ƙungiya da fenti a jikin dutse ɓarna ce, ko da an ga wasu sun yi. Ledar ruwa da robar lemo a tattara a buhu a tafi da su.

Abinci a yi shi mai sauƙi. Waina da ƙosai da kunu da safe, fura da nono bayan an sauko, abinci mai nauyi sai an koma gari. Ruwa da rake da gyaɗa a saya a hannun mutanen unguwar, su ma su ga amfanin zuwanku. Kuɗi kuwa karo-karo ne, a tara kafin ranar, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa. A ware wani abu a asirce don ɗalibi ko wanda ba shi da hali, kada rashin kuɗin mota ya hana shi zuwa.

Bayan azahar da hutu, wuri ɗaya ya isa, a zaɓe shi gwargwadon ƙungiya. Makaranta littattafai su nufi Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945. A garin nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, a nan kuma Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, don haka mai son rubutun Hausa ya zo gida ne. Masu sha'awar gini da tarihi su shiga birni su ga inda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tsohon Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, kusa da fadar Zazzau. In ana son gaida fada, a rubuta takarda tun da wuri. A Wusasa kuma, kan hanyarku ta dawowa, akwai cocin Saint Bartholomew na 1929, ginin ƙasa irin na magina Hausawa, a yi sallama a nemi izini kafin a shiga. 'Yan ƙwallo su sa taronsu ranar Asabar, su kama gidan kallo guda a Samaru ko Sabon Gari su ga wasan yamma tare. Baƙin da za su koma da tsaraba a bar musu awa guda a kasuwar Sabon Gari.

Mai komawa Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80, ko Kano, ya kama hanya da sauran rana. Na nesa su kwana, su yi sammako. Kuma kafin bas ta bar gindin dutse, a sake ƙirga kawuna da takardar nan ta asuba, sannan mutum biyu su koma wurin mai unguwa su yi masa godiya da ban kwana.